Labarin Sir John Lawes, Mai Takin Supa

Babu manomin gyaɗa ko na wake a ƙasarmu, tun daga Ƙauran Namoda har Zurmi da Shinkafi, wanda bai san takin nan mai launin toka da a ke kira supa ba. Amma da za a tambayi masu sayensa wanda ya fara yinsa, da irin dabarar da ya bi, da dalilin da ya sa shuka ta ke sonsa, da ƙyar a sami mai amsawa. Mu kuwa da mu ke shirin zama malaman makaranta, gobe za a danƙa mana yara da gonar makaranta, ga shi iyayen yaran nan duka manoma ne, gonakinsu kuwa kullum sai ƙara gajiya su ke yi. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo labarin mutumin da ya ƙago takin nan, domin cikin zamansa na duniya akwai ilmi, akwai kuma abin koyi.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi John Bennet Lawes ran 28 ga watan Disamba, 1814, a gandun kakanninsa da a ke kira Rothamsted, kusa da garin Harpenden, wajen mil 25 arewa da Landan. Idan muka auna da tarihinmu, an haife shi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da rai, shekara 6 bayan cin Alƙalawa, yaƙin da Namoda ya ke cikin manyan jarumawansa. Ubansa ya mutu cikin 1822, ya bar shi yana ƙaramin yaro a hannun uwa tasa. Aka sa shi makarantar Iton, inda 'ya'yan manya su ke karatu, daga nan ya wuce Jami'ar Oksfod. Amma abin da a ke koyarwa can a zamanin, watau harsunan mutanen dā, bai shiga ransa ba. Shi dai zuciyarsa tana wajen kimiyya, ya haɗa wannan da wancan ya ga abin da zai fita. Ya bar jami'a bai sami digiri ba, ya komo gida cikin 1834, ya karɓi riƙon gandu bai cika shekara 20 ba.

Da zuwansa sai ya mai da ɗaya daga cikin ɗakunan kwana na gidan ɗakin gwaje-gwaje. Ya fara da shuka itatuwan magani yana tatsar ruwansu. Ba da daɗewa ba maganar taki ta ɗauke masa hankali, har ya mutu kuwa bai rabu da ita ba.

Tambayar maƙwabci

A zamanin nan manoman Ingila suna cikin irin halin da mu ke ciki. Mutane suna ƙaruwa, birane suna cin hatsi, takin dabbobi kuwa ba ya isar gonaki. Suna da wata saiwa da su ke kira tanif, wadda su ke nomawa domin ciyad da tumaki da shanu lokacin sanyi. In tanif ta yi kyau dabbobi su ƙoshi, taki ya yawaita, alkama ta yi albarka. In ta lalace kuwa, duk sauran su bi ta. Sun riga sun gane garin ƙashi yana taimakonta, har jiragen ruwa su kan yi lodin ƙasusuwa daga sauran ƙasashen Turai su kawo, a niƙa, a sayar. Mai karatu ya lura da lanƙwasar baƙin nan, ƙashi mu ke nufi na jiki, ba kashin dabba ba, ko da ya ke dukansu biyu taki ne.

Wani dattijo maƙwabcinsa, Lord Dacre, shi ya jawo hankalin Lawes ga wani abin mamaki, cewa garin ƙashin nan ya kan yi amfani ƙwarai a waɗansu gonaki, a waɗansu kuwa kamar an zuba yashi. Gonakin Rothamsted suna cikin waɗanda ba ya yi wa kome. Wani da ya ji haka sai ya ce halin ƙasa ne, ya wuce. Lawes kuwa ya tsaya neman dalili.

Dalilin ga shi. A cikin ƙashi akwai wani sinadari da a ke kira fosforas, wanda wani Bajamushe, Hennig Brand, ya fara fitarwa daga fitsari cikin 1669. Babu mai rai da zai rayu ba tare da shi ba. A wajen shuka shi ke sa saiwa ta yi ƙarfi tun tana ƙarama, shinkafa ta yi 'ya'ya da yawa a gindi, hatsi ya nuna da wuri, ƙwaya ta cika. Inda ya yi ƙaranci sai a ga shuka ta tsugune, ganyen masara ya yi ja-ja kamar an shafa masa galura, damina ta wuce amfani bai nuna ba. To, amma fosforas na cikin ƙashi a ɗaure ya ke da sinadarin alli, ba ya narkewa cikin ruwa. Saiwa kuwa ba ta da haƙori, sha ta ke yi. Ba ta ƙashi kamar a ba jinjiri tsabar gero ne, alhali koko ya ke iya haɗiya. A ƙasa mai tsami, tsamin nan shi ke cin ƙashin a hankali har ya narke. Gonakin su Lawes kuwa tun zamanin kakanni a ke zuba musu alli, tsaminsu ya mutu, saboda haka ƙashin ya kan zauna shekara da shekaru yadda aka zuba shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan.

Yadda ya dafa dutse

Lawes ya yi tunani, tun da tsami ke narkar da ƙashi, me zai hana a narkar da shi tun kafin a kai gona? Daga 1837 ya shiga gwaji cikin tukwane. Ya zuba wa garin ƙashi ruwan nan mai ƙuna da a ke yi da farar wuta, irin wanda mu ke kira ruwan batir, ya bar shi ya dahu ya bushe, ya sa wa waɗansu tukwane, waɗansu ya sa musu ɗanyen ƙashi, waɗansu ya bar su haka nan. Tukwanen da suka sami dafaffen ƙashi suka tsere wa sauran nesa. Bai yi gaggawa ba, ya sāke gwadawa, sa'an nan cikin 1840 da 1841 ya fitar da gwajin fili. Da ya tabbata, cikin watan Mayu na 1842 ya karɓi takardar Gwamnati mai shaida cewa dabarar tasa ce. Cikin 1843 ya kafa ma'aikata a Deptford, bakin kogin Landan, ya fara sayad da takin da sunan da mu muka gajarta ya koma supa. Cikin 1842 ɗin nan ne kuma ya auri Caroline Fountaine, har a kan ba da labari cewa maimakon yawon amarci da aka shirya musu zuwa ƙasashen Turai, cikin jirgin ruwa ya zaga da amarya yana neman filin ma'aikata.

Gaskiya ita ce ba shi kaɗai tunanin nan ya zo wa ba. Shaihin kimiyya na Jamus, Justus von Liebig, ya ambaci narkar da ƙashi cikin littafinsa na 1840, wani likita kuma a Ailan, Sir James Murray, ya karɓi takarda irin ta Lawes cikin shekara guda da shi, har daga baya Lawes ya saye ta. Aka yi ta shari'a tsakaninsa da masu kwaikwayonsa. Inda ya yi fice shi ne ya gane ƙashi ba zai taɓa isa ba, kuma akwai duwatsu masu fosforas da za a yi wa yadda aka yi wa ƙashi. Aka kuwa sami irinsu a gabashin Ingila, waɗansu dunƙule-dunƙule da suka samu daga gawar dabbobin dā, aka shiga haƙa ana kai masa. Kasuwa ta buɗe, har ya ƙara wata ma'aikata a Barking cikin 1857. Hausawa sun ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa. Wannan mutum ya dafa dutsen da gaske, shuka ta sha romon.

Shi da Gilbert

Da a ce iyakar aikinsa ke nan, da sai mu kira shi attajiri mai dabara, mu rufe labari. Amma kuɗin da ya ke samu a ma'aikata, gona ya ke mai da su. Cikin watan Yuni na 1843 ya ɗauki wani masanin kimiyya, Joseph Henry Gilbert, wanda ya yi karatu a wajen Liebig, suka yi aiki tare shekara 57. Halinsu ya bambanta. Lawes mutum ne mai saurin hange, mai son sabon abu, ya san gona ya san kasuwa. Gilbert kuwa, ko da ya ke ido ɗaya gare shi saboda haɗarin bindiga da ya same shi yana saurayi, ba ya barin awo ko lissafi ya wuce shi, kuma ba ya yarda a sāke tsarin gwaji in an fara.

Ga yadda suka yi. Suka ɗauki wata gona mai suna Broadbalk cikin kakar 1843, suka raba ta dogayen fegi, suka shuka alkama. Wani fegi ba a sa masa kome, wani a sa masa takin shanu wajen tan 14 ga eka kowace shekara, wani supa da sauran gishirin ƙasa, wani takin naitirojin, wani kuwa a haɗa masa duka. Kowace kaka a yanke na kowane fegi dabam, a auna ƙwaya, a auna kara, a rubuta. Baɗi kuma a maimaita, kowane fegi da abin da aka saba ba shi. Haka suka yi wa tanif a wata gona, suka yi wa sha'ir daga 1852, suka yi wa ciyawar dabbobi daga 1856. Suka riƙa ɗibar samfurin ƙwaya da kara da ƙasa suna rufewa cikin kwalabe da gwangwanaye. Waɗanda suka gaje su ba su fasa ba, samfurin nan ya haura 300,000, alkamar Broadbalk kuwa tun daga 1843 a ke shuka ta.

Abin da gonakin suka faɗa musu shi ne kowace shuka da irin yunwarta. Tanif da aka hana taki, cikin 'yan shekaru kaɗan ta koma ba abin ɗauka, wadda aka ba supa kuwa ta cika kura. Alkama ita kuma supa kaɗai bai ɗaga ta ba sai da aka haɗa da naitirojin, sa'an nan ta ba da ninki biyu ko fiye na fegin da ba a sa wa kome ba, ta yi kafaɗa da kafaɗa da fegin takin shanu. A nan ne suka yi karo da Liebig, wanda ya ke koyar da cewa shuka tana samun naitirojin da ya ishe ta daga iska. Ya kuma haɗa wani taki nasa, ya ƙone shi da wuta har ya daskare don kada ruwan sama ya wanke shi. Aka gwada shi a Rothamsted da waɗansu wurare, bai yi abin kirki ba, domin abin da ruwa bai narkar ba saiwa ba ta shansa. Aka yi shekaru ana musu cikin takardu, Liebig da girman sunansa, su kuwa da littafin awonsu. Daga ƙarshe gani ya kori ji.

Akwai abu guda da ya ɗaure musu kai, watau dangin wake, waɗanda ba su damu da takin naitirojin ba amma su kan bar ƙasa da ƙarfi. Sai cikin 1886 waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka gano cewa ƙananan ƙullutun nan na saiwar wake gidajen waɗansu ƙwayoyin halitta ne masu kamo naitirojin daga iska. Lawes da Gilbert, da tsufansu, suka sāke gwaji, suka ga haka ne, suka yarda. Ƙullutun nan kuwa ba su aiki sosai sai da fosforas, shi ya sa supa ya zama abokin gyaɗa da wake.

Halinsa da ƙarshensa

Cikin 1854 manoman Ingila suka tara kuɗi domin su yi masa kyauta. Ya roƙa kada a saya masa kayan azurfa, a gina ɗakin gwaje-gwaje, aka kuwa buɗe shi cikin 1855. Ya yanka wa leburorin garinsu 'yan filaye su noma abin miya, ya gina musu zauren taruwa cikin 1857. Cikin 1872 ya sayad da ma'aikatun takinsa fam 300,000. Sarauniya Biktoriya ta ba shi sarautar Sir cikin 1882. Da ya ga tsufa ya kama shi, ya ji tsoron kada gwajin ya mutu da mutuwarsa, sai cikin 1889 ya ware fam 100,000, da ɗakin gwaje-gwaje, da gonakin, ya danƙa su hannun amintattu, kamar yadda a ke yin waƙafi a wajenmu. Ya mutu ran 31 ga watan Agusta, 1900, yana da shekara 85. Gilbert ya bi shi cikin Disamba na 1901.

Bayan mutuwarsu wata gona tasu ta ba da shaida mai ban mamaki. An sa wa waɗansu fegi nata supa daga 1856 zuwa 1901, sa'an nan aka daina. Bayan wajen shekara 50 aka duba, aka tarar sha'ir ɗin wuraren nan har yanzu ya fi na maƙwabtansu. Ashe fosforas ba ya gudu daga gona kamar yuriya, ajiya ne a ke yi wa 'ya'ya da jikoki.

Yadda aikinsa ya iso gare mu

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda cikin 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa fita daga ƙasarmu wagunu-wagunu. Kowane buhu da ya tafi, da ɗan fosforas na gonarmu a cikinsa. Kowane sa da aka saya a kasuwar Shinkafi ran Alhamis aka yi kudu da shi, ya tafi da wanda ya tara cikin ƙashinsa daga ciyawarmu. Abin da ya tafi kuwa ba ya komowa da kansa, domin fosforas ba ya saukowa daga iska. Ga shi tun asali jigawarmu ba ta da shi da yawa. Kakanninmu sun san maganin gajiyar gona gwargwadon zamaninsu. Su kan kai juji da toka, su kan roƙi Fulani su sauka da shanu bayan girbi, su kan bar gawo a tsakiyar gona, su kan bar saura ta huta. Yanzu mutane sun yi yawa, gona ba ta samun hutu.

An kafa tashar binciken noma a Samaru ta Zariya cikin 1922. Gwaje-gwajen da aka yi can da Kano, daga wajen 1930 zuwa bayan 1950, sun nuna fosforas yana cikin manyan abubuwan da ƙasar Arewa ta rasa, kuma supa kaɗan ya kan ɗaga gyaɗa ƙwarai. Aka kuma gane wata fa'ida da Lawes bai nufa ba, cewa ruwan batir ɗin nan ya kan bar farar wuta da sinadarin alli cikin takin, gyaɗa kuwa tana bukatar dukansu biyu domin kwanso ya cika. Cikin 1950 aka buɗe wani dogon gwaji a Samaru bisa tsarin na Rothamsted, ana gwada takin shanu da na zamani fegi-fegi. Cikin 1976 aka buɗe ma'aikatar supa a Kaduna. Dutsen fosforas kuwa muna da shi kusa, a wajen Dange da Shuni cikin ƙasar Sakkwato, da Tawa cikin Nijar. Ɗanyen garinsa halinsa ɗaya da ƙashin Lord Dacre, sai a ƙasa mai tsami ya ke narkewa, a hankali kuma.

Masana na baya sun ɗora a kan tambayar da Lawes ya fara. Sun gano ko supa ɗin ma, da ya shiga ƙasa, ƙarfen da ke cikinta ya kan kama shi ya sāke ɗaurewa, har abin da shuka ta ke sha a shekarar farko ba ya kan wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sau da yawa ma bai kai ba. Kuma ba ya tafiya cikin ƙasa, inda aka ajiye shi nan ya ke zama, sai saiwa ta je ta same shi. Daga nan dabaru suka fito. Ta fari, a sa shi lokacin shuka, a gefen iri, a rufe da ƙasa, kada a bari sai shuka ta girma a watsa a sama. A tashar Sadore kusa da Yamai an nuna cewa cikin murfin kwalbar lemo na kamfa, wajen giram 6, a kowane ramin gero, ya kan yi aikin da mai yawa da aka watsa bai yi ba. Ta biyu, a haɗa shi da takin gida, domin ruɓewar taki tana sassauta ɗaurin nan, tana kuma rayad da waɗansu siraran zaruruwa, dangin naman kaza, da ke manne da saiwa suna jawo mata fosforas daga inda ba ta kai ba. Ta uku, a zaɓi iri mai yawan saiwa. Cikin 2012 masu binciken shinkafa a ƙasar Filifin suka bayyana cewa wata tsohuwar shinkafar Indiya mai suna Kasalath tana da wani gado a jikinta mai sa saiwa ta yawaita tun da wuri, ta yi amfani a ƙasa mai ƙarancin fosforas, aka shiga barbara ta da waɗansu irin. Wannan labari ya shafi masu fadamun Gagare da Bunsuru, da garin da sunansa ma ke tuna mana shinkafa.

Abin da ya rage gare mu

Kowane malami yana iya yin ƙaramin Broadbalk a bayan makarantarsa. A raba fili huɗu daidai, a shuka gyaɗa iri ɗaya rana ɗaya. Na fari a bar shi haka nan, na biyu a sa masa takin gida, na uku supa, na huɗu a haɗa masa duka biyu. Yara su yi noma, su cire, su auna da mudu ɗaya, su rubuta cikin littafi, baɗi a maimaita ba tare da an sāke wa fegi abincinsa ba. A koya musu kuma karanta lambobi uku na jikin buhun kamfa, su san ta tsakiya ita ce ta fosforas, don kada a sayar wa iyayensu abin da gonarsu ba ta nema ba. Da kaka a kira dattawan gari su gani da idonsu, gama manomi ba ya sāke al'adarsa saboda maganar yaro, sai abin da mudu ya nuna masa.

Lawes ya gaji gandu, ya bar shi ya fi yadda ya same shi, ya kuma bar littafin awo wanda mutanen da bai taɓa jin sunan garinsu ba su ke amfani da shi. Gonakin da ke hannun iyayenmu amana ce ta waɗanda ba a haifa ba tukuna. Allah ya ba mu ikon mayar musu da abin da mu ke ɗiba, ya ba mu damina mai albarka, amin.